Baƙar ɗamara da digirin dokta: ana iya ɗora su a sikeli ɗaya?

An tambaye ni ko mutumin da ya share shekaru yana koyon judo ko karate ko dambe ko kokawa, har ya kai matsayin koyar da wasu, abin da ya sani ya cancanci a kira shi ilimi kamar yadda ake kiran na likita ko na farfesan tarihi, ko kuwa ƙarfin damtse ne kawai da sabon jiki. Mai tambayar ya ƙara da cewa ya ji wani malamin karate yana faɗin cewa baƙar ɗamararsa, wato ɗamarar da ake ɗaura wa wanda ya kai matakin ƙwarewa, daidai take da digirin dokta, shi ya sa yake son sanin ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Ɗan'uwa mai tambaya, amsata ita ce ilimi ne, ilimi mai zurfi kuwa, wanda hanyar samunsa ta yi kama da ta ilimin jami'a fiye da yadda mutanen jami'a suke son amincewa. Sai dai malamin karaten nan ya wuce gona da iri, domin ɗamara da digiri ba abu ɗaya suke shaidawa ba, kuma gwaninta a fagen faɗa ba ta ba mutum lasisin yin fatawa a kan abin da bai karanta ba. A ganina layin da ya fi muhimmanci ba tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa yake ba. Yana tsakanin sanin da aka gwada shi a gaban abin da zai iya ƙaryata shi, da sanin da ba a taɓa gwadawa ba, kuma wannan layin ya ratsa ta tsakiyar ɗakin atisaye kamar yadda ya ratsa ta tsakiyar jami'a.

Bari in fara da masu raina ilimin jiki, tunda su ne suka fi yawa cikin masu karatu. Tunaninsu shi ne sani na gaskiya shi ne wanda za a iya faɗa da baki ko a rubuta, sauran kuwa maimaici ne irin wanda ake koya wa dabba. Masana falsafa sun daɗe da rushe wannan tunani. Gilbert Ryle na jami'ar Oksfod ya yi bayani a 1945, ya kuma faɗaɗa shi a 1949, cewa sanin yadda ake yin abu daban ne da sanin cewa abu kaza haka yake, kuma na farkon ba bawan na biyun ba ne, domin mai iya abu ba sai ya karanto wa kansa ƙa'ida a zuci ba kafin ya aikata. Ƙarni biyar da rabi kafin Ryle, Ibnu Khaldun ya riga ya faɗi abin da ya fi wannan kaifi a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377. Ya ce ƙwarewa malaka ce, wato hali ne da yake kafuwa a cikin mutum ta hanyar maimaita aiki har ya zauna masa, ya kuma buga misali da wanda zai iya kwatanta yadda ake ɗinki dalla-dalla, daga zura zare a kafar allura har zuwa haɗa gefen ƙyalle, amma da za a miƙa masa allurar sai ya kasa. Abin lura shi ne ba don ya kare masu sana'ar hannu ya kawo misalin ba. Malaman nahawu yake wa hannunka mai sanda, waɗanda suka haddace ƙa'idojin Larabci amma ba su iya rubuta wasiƙa mai kyau ba. A wurinsa shi kansa ilimin littafi malaka ne, kuma koyar da shi sana'a ce cikin sana'o'i.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun zo da shaidar da ta nuna cewa wannan rabe-raben yana da tushe a cikin halitta. A 1953 an yi wa wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa a ɓangarori biyu, har da yawancin wurin da ake kira hipokampos, daga nan bai ƙara iya ajiye sabon abin da ya faru da shi ba. Brenda Milner, masaniyar da ta yi nazarinsa, ta sa shi bin layin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, aikin da yake ruɗa kowa da farko. Kwana uku ana maimaitawa, hannunsa yana ƙara faɗawa, kurakuransa suna raguwa, alhali kullum aka kawo masa madubin sai ya ce bai taɓa ganin wannan aikin ba. Ashe ƙwaƙwalwa tana da rumbu fiye da ɗaya, akwai na abubuwan da ake faɗa, akwai na abubuwan da ake yi. Saboda haka idan ɗan judo ya kasa bayyana maka yadda ya kayar da kai, wannan ba ya nufin babu abin da ya sani.

To, me yake cikin wancan rumbun? Mu ɗauki dabara guda ta judo, wadda ake kira de-ashi-barai, wato share ƙafar da abokin karawa ya tako da ita gaba. Idan a takarda ne, layi biyu sun ishe ta: ka sa tafin ƙafarka a idon sawunsa ka share, kana jan hannun rigarsa ƙasa. A aikace kuwa akwai wani ɗan taƙin lokaci, bai kai ƙiftawar ido ba, lokacin da nauyin jikinsa ya baro ƙafar baya amma bai gama sauka a kan ta gaba ba. Idan ka riga wannan lokacin, ƙafar ba ta ɗauke da komai, zai ɗage ta kawai ya tsallake, har ma ya rama da irin dabarar. Idan ka makara, ƙafar ta kafu, sai ka ji kamar ka shuri turke. Gwani ba da ido yake gane lokacin ba, domin ba ya ma kallon ƙafar. Ta hannunsa na dama da yake riƙe da wuyan riga da na hagu da yake riƙe da hannun riga yake jin inda nauyi yake tafiya, kuma sau da yawa shi ne ya janyo takun da gangan ta hanyar ja da saki na taku biyu ko uku da suka gabata. A cikin wannan ɗan motsi akwai karanta niyyar mutum, akwai yaudara, akwai lissafin nauyi da tazara, akwai yanke hukunci alhali ana numfashi sama-sama. Wannan dabara ɗaya ce cikin 40 da Kodokan, uwar makarantun judo da take Tokiyo, ta jera a manhajarta ta kaye a 1920, kuma kowace tana da mashigai da makarai da hanyoyin sarƙa ta da wata.

Haka abin yake a dambe. Mutum yana buƙatar kimanin milisakan 200 kafin ya mayar da martani ga abin da idonsa ya gani, naushin gwani kuwa daga kusa yana iya isowa cikin lokacin da bai fi wannan da wani abin kirki ba. Ke nan wanda ya jira sai ya ga dunƙulen hannu ya taso kafin ya kauce, ya riga ya sha. Binciken da aka yi a kan 'yan wasa, inda ake nuna musu bidiyon abokin gaba a yanke shi kafin harin ya fito sannan a ce su faɗi inda zai sauka, ya nuna cewa ƙwararru sun fi sababbin shiga cankar daidai, kuma fifikonsu a hange yake, ba a saurin jijiya ba. Suna kafa ido a tsakiyar jiki, kai da ƙirji, suna karanta saukar kafaɗa da juyawar ƙugu da canjin taku, yayin da sabon shiga yake bin hannu da ƙafa da ido yana wahalar da kansa. Wannan shi ne ainihin abin da William Chase da Herbert Simon suka gano a 1973 a wurin gwanayen darar ces. Idan aka nuna wa gwani allon wasa na daƙiƙa 5, zai sake jera yawancin 'ya'yan darar daga ka, muddin tsarin daga wasan gaske aka ɗauko shi, amma idan aka warwatsa su barkatai, fifikonsa a kan ɗan koyo ya kusa ɓacewa. Abin da yake da shi tarin siffofi ne masu ma'ana da ya gani sau dubbai. Likitan da ya kalli hoton ƙirji ya ga cuta nan take, da masanin rubuce-rubucen dā da ya kalli shafi ya faɗi ƙarnin da aka rubuta shi, da ɗan damben da ya ji naushin hagu yana tafe, duk injin ɗaya ne yake aiki a cikinsu.

Akwai kuma wani abin da mutanen jami'a ba su cika faɗa ba, wato su ma rabin iliminsu ba ya rubutuwa. Michael Polanyi, wanda masanin kimiyyar haɗa sinadarai ne kafin ya koma falsafa, ya gina tunaninsa a kan cewa muna sanin fiye da abin da za mu iya faɗa. Harry Collins ya gwada wannan a farkon shekarun 1970, ya bi diddigin ɗakunan binciken da suke ƙoƙarin haɗa wata na'urar leza, ya tarar babu wanda ya yi nasara da karanta takardun da aka wallafa kaɗai, sai waɗanda suka je suka zauna da wanda na'urarsa take aiki. Ɗalibin dokta shekaru yake yi a gindin malami guda yana koyon abin da ba ya cikin littafi: wace tambaya ce ta cancanci a bi, wane sakamako ne yake warin kuskure, yaushe ake haƙura da gwajin da ya ƙi. Likitan tiyata kuwa ba a maganarsa, domin rabin aikinsa a yatsu yake, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba masani ba ne.

Tarihi ma bai goyi bayan raba su gida biyu ba. Makarantar Aflatun da ta Aristo a birnin Atina duk a harabar filayen motsa jiki aka kafa su, inda samari suke kokawa, kuma marubutan dā sun ruwaito cewa Aflatun kansa ɗan kokawa ne. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a 1882, ya gama jami'ar Tokiyo a 1881, ya shugabanci babbar kwalejin horar da malamai ta Tokiyo shekaru masu yawa, kuma a 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin Olamfik na duniya. Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate daga tsibirin Okinawa zuwa Tokiyo a 1922, malamin makaranta ne. Ronald McNair, ɗan sama jannatin da ya rasu a hatsarin kumbon Challenger a 1986, yana da digirin dokta a kimiyyar fiziya da kuma baƙar ɗamara a karate, har ya haɗu da abokan aikinsa a 1979 suka wallafa nazari a kan yadda hannu yake fasa katako da bulo. Amma kada a ɗora wa waɗannan sunaye kayan da ba za su iya ɗauka ba. Sun nuna cewa mutum ɗaya yana iya riƙe duka biyun, ba su nuna cewa ɗaya yana haifar da ɗayan ba.

Yanzu sai inda suka rabu, kuma a nan ne zan saɓa wa malamin karate.

Bambanci na farko a wajen ajiya da taruwa yake. Abin da masanin lissafi ya tabbatar shekaru dubu biyu da suka wuce yana nan yadda ya bar shi, ɗalibin sakandare zai karanta ya fahimta ya ɗora a kai, ko da silsilar malamai ta yanke a tsakani. Fasahar faɗa ba ta da wannan gatan. Turai tana da littattafan takobi da kokawa masu zane, akwai wanda aka rubuta a Jamus wajen shekarar 1300 wanda yake ajiye a gidan tarihin makamai na birnin Lids a Ingila, akwai na Fiore dei Liberi na Italiya daga farkon ƙarni na 15, kamar yadda Mamalik na Masar suka bar littattafai a kan hawan doki da mashi da baka. Littattafan sun tsira, amma da bindiga ta canza yaƙi, masu yi suka ƙare, sai ilimin ya tafi da su. Masu ƙoƙarin farfaɗo da shi a yau sai sun sa sulke sun gwada fassara bayan fassara a jikin juna, kuma har yanzu suna jayayya a kan abin da zane guda yake nufi. Ilimin da sai an sake gina shi daga tushe a jikin kowane ɗalibi ba ya taruwa da saurin wanda ake ajiyewa a takarda. Bidiyo ya rage wannan giɓin ƙwarai, shi ya sa jujitsun Burazil da gaurayayyen faɗa na zamani suka canza cikin shekaru 30 fiye da yadda wasu fasahohin suka canza cikin ƙarni, amma ko bidiyon ba ya ɗaukar abin da hannu yake ji a wuyan riga.

Na biyu shi ne faɗin abin da ilimin yake magana a kai. Ɗan wasan faɗa masani ne a kan abu guda ƙunci: jikin mutum biyu da suke neman rinjayar juna, galibi a ƙarƙashin dokokin da wata hukuma ta tsara. Da hukumar judo ta duniya ta taƙaita kama ƙafa da hannu a 2010, ta kuma hana shi gaba ɗaya a 2013, akwai zakarun da suka wayi gari makaminsu mafi kaifi ya zama laifi. Babu kwamitin da zai zauna ya soke yadda ƙwayar cuta take yaɗuwa. Ban ɗauki wannan a matsayin aibi mai girma ba, domin lauya ma haka yake, majalisa tana iya shafe abin da ya ƙware a kai da ƙuri'a guda, amma dole a faɗe shi. Kuma batun amfani ga jama'a ba abin ɓoyewa ba ne: wanda ya gano allurar rigakafi ya taɓa rayuwar miliyoyin da ba su san sunansa ba, malamin judo kuwa yana taɓa rayuwar waɗanda suka shigo ɗakinsa. Gyaran da yake yi wa yaro mai tsoro ko mai zafin kai ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ma'auninsa daban.

Na uku, wanda ya shafi tambayar kai tsaye, shi ne abin da takardar shaida take shaidawa. Jigoro ne ya shigo da tsarin matakan ƙwarewa da ake kira dan cikin fasahar faɗa a 1883, ya aro shi daga wasan darar go, baƙar ɗamara kuma ta biyo baya cikin 'yan shekaru. A Jafan matakin farko na baƙar ɗamara alama ce cewa ɗalibi ya kama tushe, yanzu zai fara koyo na sosai, kuma ɗan sakandare mai himma yana samunta. A jujitsun Burazil kuwa abin yakan ɗauki kusan shekaru 10. Wasu makarantun kasuwa suna raba ta ga duk wanda ya biya kuɗin jarrabawa a kan kari. Babu wata hukuma guda da take daidaita waɗannan, saboda haka kalmar baƙar ɗamara ita kaɗai ba ta faɗa maka komai sai ka tambayi wa ya ɗaura ta kuma a kan me. Manyan matakai na sama kuma, a yawancin ƙungiyoyi, ana ba da su ne saboda daɗewa da hidima, ba don an doke kowa ba. Digirin dokta shi ma yana da na gari da na banza, amma sharaɗinsa a ko'ina shi ne ka kawo abin da ba a sani ba kafin kai, ka rubuta shi, masana daga waje su yi maka tambayoyi su nemi ramukansa. Ɗamara tana cewa ka iya abin da aka koya maka. Idan ana neman takwaran dokta a wannan duniyar, ba mai ɗamara ba ne, mutum ne irin Jigoro ko wani kocin da ya ƙirƙiro tsarin da ya canza yadda kowa yake wasa, kuma irinsu kaɗan ne. Af, yana da kyau a lura cewa manyan kociyoyi ba lallai su kasance manyan zakaru ba. Angelo Dundee da ya tsaya a kusurwar Muhammad Ali bai yi damben ƙwararru ba, haka ma Cus D'Amato da ya raini Floyd Patterson da Mike Tyson. Ilimin koci, wanda dole ya gani ya fassara ya faɗa da baki, shi ne ya fi kusa da na malamin jami'a.

Sai in dawo kan gwaji, wanda shi ne zuciyar maganar. Daniel Kahneman da Gary Klein, masana biyu da suka daɗe suna saɓani a kan ko za a iya dogara da hasashen ƙwararru, sun haɗu a 2009 suka cimma matsaya cewa ƙwarewa ta gaskiya tana buƙatar abu biyu: fagen da yake da ƙa'idojin da suke maimaituwa, da kuma damar yin aiki sau da yawa ana samun sakamako a fili ba tare da jinkiri ba. Idan aka auna da wannan ma'aunin, ɗan kokawa da ɗan dambe suna cikin mafiya sa'a a duniya, domin kuskurensu ba ya kwana, bayansu yana taɓa ƙasa ko haɓarsu ta sha naushi nan take, kuma babu hujjar baki da za ta tashe su. Babbar hikimar Jigoro a nan take. Ya ware dabarun da suke makantarwa ko karya wuya ya mayar da su atisayen haddace, ya bar waɗanda za a iya yi da dukan ƙarfi a kan mutumin da yake turjewa da dukan ƙarfinsa, ya kira wannan randori. A zahiri kamar ya rage wa fasahar kaifi ne, amma abin da ya yi shi ne ya ba ta ɗakin gwaji.

Fasahohin da suka bar wannan hanya, suka koma maimaita jerin motsi da ɗalibin da ya san lokacin da zai faɗi, sun gamu da abin da yake samun duk ilimin da ba a ƙalubalanta. Girman malami ya maye gurbin hujja, labarai suka yi ta kumbura, har aka kai ga masu da'awar sumar da mutum ba tare da sun taɓa shi ba. A watan Nuwamba na 1993, a birnin Denba na Amurka, gasar gaurayayyen faɗa ta UFC ta farko ta haɗa masu salo daban-daban da dokoki kaɗan, Royce Gracie, wanda ba shi ne mafi girman jiki ba, ya cinye ta da kokawar ƙasa da shaƙe wuya, makarantu da yawa suka gane cewa ba su da amsa ga tambayar da ba su taɓa yi wa kansu ba. A 2017, a birnin Chengdu na ƙasar Sin, wani ɗan gaurayayyen faɗa mai suna Xu Xiaodong ya gama da wani mai kiran kansa malamin taici, fasahar Sinawa mai motsi a hankali, cikin ƙasa da minti ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan ba ya nufin taici ba shi da amfani, domin akwai shaida mai kyau cewa yana taimaka wa tsofaffi wajen daidaita tsayuwa da rage faɗuwa. Da'awar faɗa ce ba ta tsaya ba.

Kada masu digiri su yi dariya da wuri, domin cutar ba ta bar su ba. A 2015 wata tawagar masana ta sake yin gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake ba da sakamakon farko ba su kai rabi ba. Akwai fannonin da mutum zai yi shekaru 30 yana hasashen abin da zai faru a siyasa ko tattalin arziki, ba a taɓa zaunar da shi an lissafa sau nawa ya faɗi daidai ba. Ni a wurina, kocin kokawar da ɗalibansa suke fita gasa duk wata, yana kallon bidiyon kayen da aka yi musu yana gyara, ya fi kusa da ruhin kimiyya fiye da farfesan da ba ya yarda a taɓa ra'ayinsa. Haka kuma masanin kimiyyar da yake neman abin da zai rushe hasashensa ya fi kusa da ɗan kokawa fiye da malamin da ɗalibansa suke faɗuwa don kunya.

Abin da ya rage shi ne batun tsallaka iyaka, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna. Tun 1901 Edward Thorndike da Robert Woodworth suka nuna cewa horo a kan abu guda ba ya zuba cikin wani sai gwargwadon abin da suka yi tarayya a kai, kuma nazarin baya-bayan nan a kan darar ces da kiɗa bai sami hujja mai ƙarfi cewa suna ƙara basira gaba ɗaya ba. Horon faɗa yana iya koya wa mutum juriya da haƙuri da kamun kai a lokacin tsoro, waɗanda suke da amfani a ko'ina, amma ba ya koya masa tarihi, ko da tarihin fasaharsa ne. Malamai da yawa suna koyar da cewa wani malamin addinin Buda mai suna Bodhidharma ne ya kawo faɗa gidan ibadar Shaolin, alhali masana tarihi sun bi sawun labarin zuwa wani rubutu na ƙarni na 17, fiye da shekaru dubu bayan zamaninsa. Ana kuma cewa tekwando ya shekara dubu biyu, alhali sunan ma a 1955 aka raɗa shi, kuma yawancin waɗanda suka kafa makarantunsa na farko karate suka koya a zamanin mulkin Jafan a Koriya. A irin wannan tambayar, mai binciken da bai taɓa ɗaura ɗamara ba ya fi mai matakin dan na tara sani.

Lamarin ya fi tsanani idan aka zo lafiya. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana lalacewar ƙwaƙwalwar da take samun 'yan damben da suka daɗe suna shan naushi a ka, da rawar jiki da jan ƙafa da rikicewar tunani. Duk da haka har yau akwai kociyoyin da suke duban idon yaron da ya suma ya farfaɗo su ce garau yake, ya koma fage, ko su sa shi ƙaurace wa ruwa kwana biyu don ya sauka zuwa ajin nauyin da suke so. Kocin ya ga ɗaruruwan 'yan wasa, amma bai ga cikin ƙoƙon kai ba, kuma sakamakon wannan kuskuren ba ya fitowa nan take balle ya koya daga gare shi, wani lokaci sai bayan shekaru 20. A nan maganar likita ce abin bi, ko da likitan bai taɓa sa safar dambe ba. Idan kuwa aka buga ƙararrawa, ɗan wasa ya dawo kusurwa yana haki, saura daƙiƙa 60 a koma, ana buƙatar wanda zai faɗa masa cikin jimla biyu cewa abokin karawarsa yana sauke hannun dama duk lokacin da ya jefa na hagu, kuma ga takun da zai yi ya ci moriyar wannan, to masanin motsin gaɓɓai da na'urorinsa sai ya ja gefe ya bar koci ya yi magana.